Kiran Gayya Ya Ƙi Goguwa

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan azahar

Yau an ba ni shafi. Ni Nazira Sama'ilu, wadda ake cewa karatun kwamfutarta bai tsinana komai ba sai buga katin biki, yau Malam Isyaku ya tako har zaurenmu ya miƙo mini kalmar sirrin shafin intanet na Ƙungiyar Manoman Dogon Marke. A takarda ya kawo ta, ya ninke huɗu kamar laya. Shi ya karɓi shugabancin ƙungiyar bayan Baba, Allah ya jiƙansa.

Ga aikin. Yaya Zaharaddini ne ya gina shafin shekara biyu da suka wuce, kafin ya samu aiki a Dawanau. Sai ya ƙara masa wani ɗan abu da ya rubuta da kansa, wanda ake kira fulogin, wato ƙaramar manhaja da ake maƙala wa shafi ta riƙa yin aiki guda. Aikin wannan shi ne duk Juma'a ƙarfe huɗu da rabi ya buga wa 'yan ƙungiya talatin da huɗu waya, ya saka musu muryar shugaba yana faɗin gonar da za a yi gayya gobe. Rabinsu ba sa karanta saƙo, amma kowa yana ɗaga waya.

Kowane mako Baba yake sabon ɗauka. Na ƙarshe na gonarmu ne, ya ɗauke shi ranar da Yaya ya zo gida, kwana biyu kafin Talatar da ya rasu. Na haddace shi:

"Salamu alaikum jama'a, Sama'ilu ne. Gobe Asabar in Allah ya kai mu, gayya a gonata ta bayan makaranta. A zo da wuri. Akwai fura, wanda ya makara sai ya lashi ludayi. Zaharaddini, ya ɗauka? Ina zan danna?"

Juma'a biyu ke nan yana bugawa, Asabar biyu ana cika gonarmu. Ta farkon kowa ya ce daidai ne. Ta biyun ciyawar ma sai an nema. Alhali layin Gwaggo Hure ne, ƙanwar Baba, da ba ta da miji ba ta da ɗa namiji a gida, geronta kuma yana nan yana kokawa da ciyawa.

Malam Isyaku ya ce, "'Yar nan, ki tsayar mana da kiran nan kawai. Za ki iya?"

Na ce minti biyar ma ya yi yawa.

Litinin, 7 ga Yuli, hantsi

Na gama. A gindin ɗorawar bayan makaranta ake samun sabis mai ƙarfi, can na shimfiɗa ɗankwali na ɗora laftof. Na shiga, na nemo jerin fulogin, ga namu an rubuta masa Kiran Gayya. A ƙasansa akwai wurin kashewa, na danna, ya koma launin toka. Minti uku, har da korar akuyar da take son ɗanɗana wayar cajina.

Da rawa na dawo gida, sai da na zo soro na tuna Inna tana takaba na gyara tafiyata. Na gaya mata ba za ta ƙara jin wayarta ta yi wannan kiran ba. Ta ce, "To," ta ci gaba da tsince wake.

Laraba, 9 ga Yuli, yamma

Mutum uku sun kira ni Injiniya a bakin famfo. Ban hana ba.

Juma'a, 11 ga Yuli, ƙarfe biyar

Ya buga.

Ina wanke-wanke na ji wayar Inna a ɗaki, na ji ta maƙwabta ta katanga, na ji wata can wajen masallaci, duk lokaci guda. Murna ta koma ciki.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Mutum ashirin da tara. Ni na dama furar, hannuna har yanzu ciwo yake. Na bi su gona da ƙwarya a ka na tarar da dattawa sun jeru suna karce ƙasar da babu komai a cikinta. Wallahi ko tsakar gidan amarya bai kai gonar nan tsafta ba.

Na samu Malam Basiru, wanda ya fi kowa tsufa a ƙungiyar, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba Basiru, don Allah, na'ura ce fa take maimaitawa. Yau layin Gwaggo ne."

Ya dogara da fartanyarsa ya ce, "Na sani na'ura ce, ai ban haukace ba. Amma mutum ya yi maka sallama da bakinsa, ka amsa, ya ce ka zo, sannan ka kama hanyar wata gonar? Da wane idon? Ku hana shi kira, sai mu daina zuwa."

Na ce to su daina ɗagawa. Ya kalle ni kamar na yi saɓo.

Haushi ya ishe ni, amma ban ga laifinsu ba. Ni ma da na ji sallamar jiya sai da na amsa, hannuna duk kumfa.

Litinin, 14 ga Yuli, hantsi zuwa azahar

Tunda kashewa ba ta yi ba, sai gogewa gaba ɗaya. Na danna wurin gogewa, ya yi ta juyi, sannan ya fito da jan rubutu da Turanci wai ba a iya cire shi ba. Na maimaita sau shida don ko zai ji kunya. Bai ji ba.

Daga nan na bi ta bayan gida. A takardar Malam Isyaku akwai kalmar sirri ta biyu da ban kula da ita ba, ashe ta shiga cikin sabar ce, babbar kwamfutar da shafin yake zaune a kai. Na shiga. Kai, ban taɓa ganin cikin shafi na gaske ba, a makaranta a allo aka zana mana. Folda cikin folda, ɗaruruwa, kowacce da aikinta. Sai da na manta da abin da ya kawo ni, na yi ta buɗe-buɗe kamar baƙauyiya a kantin birni.

Na samo foldar Kiran Gayya, na ce a goge. Amsa: ba ki da izini.

To a nan na koyi abin da ya fi komai daɗi a makon nan. Kowane fayil yana da mai shi, kuma yana da lamba uku a gefensa. Ta farko ta mai gida ce, ta biyu ta 'yan gida, ta uku ta baƙi. Bakwai na nufin ka duba, ka canza, ka yi yadda kake so. Biyar ko huɗu, kallo kawai, kada ka taɓa. Sauran foldojin duk 755 ne, kuma sunan shafin ne mai su. Ita wannan 555 ce, fayilolin ciki 444, mai su kuma wani wai shi rut. Na bincika, rut shi ne uban gidan sabar baki ɗaya. Wato ni da nake ta taƙama an ba ni shafi, ashe a ɗakin nan baƙuwa ce.

Na san ciwon yanzu. Gobe magani.

Talata, 15 ga Yuli, azahar

Wani a intanet ya ce a mayar da lambar 777 a huta. Wani a ƙasansa ya ce wanda ya yi haka ya cire ƙyauren gidansa ya jingine a titi. Na ce na minti ɗaya ne, na gwada. Ashe gardamar tasu ma ba ta shafe ni ba, don sai mai fayil ne yake iya canza lambarsa.

Na gwada canza wa foldar suna don sabar ta ɓata hanya. Ya ƙi. Na gwada ɗora wata muryar a kan ta Baba, har na sa Malam Isyaku ya yi ɗauka sau huɗu yana gyaran murya kamar mai huɗuba. Ya ƙi.

Na kira Yaya sau huɗu. Tana shiga, ba ya ɗagawa. Tun da ya koma bayan sadakar bakwai babu wanda ya ji muryarsa.

Alhamis, 17 ga Yuli, hantsi

Na samu kamfanin da sabar take hannunsu. Wani mai suna Najib ya ɗauka, mai haƙuri, bai yi mini dariya ba ko da zakara ya yi cara a kunnensa. Ya warware mini abu biyu. Na ɗaya, sabar tana da agogonta da yake tayar da fulogin ɗin duk Juma'a, babu ruwansa da kashewar da na yi a shafi. Na biyu, za su iya ba ni mabuɗin rut, amma sai sun tura lamba shida wayar mai asusun ya karanto musu. Mai asusun kuwa Zaharaddini Sama'ilu.

Na ce, "Malam Najib, yayana ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya ce, "Na yarda, Hajiya. Amma da muna buɗe wa duk wanda ya ce ƙanwa ce, da ke ma ba ki amince da mu ba."

Gaskiyarsa. Kafin mu yi sallama ya ce ba haka foldar take ba tun asali, ranar 26 ga Yuni aka kulle ta. Na ce kuskure ne ƙila. Ya yi mini sallama.

Na tura wa Yaya saƙo: lamba shida kawai nake so. Ya nuna ya karanta.

Juma'a, 18 ga Yuli, huɗu da rabi

Ya buga. Ban shiga ɗakin Inna ba.

Asabar, 19 ga Yuli, kafin magariba

Malam Isyaku ya zaga da keke jiya yana roƙon a je wa Gwaggo. Ƙungiya ta rabu. Sha ɗaya suka je can, sha tara suka zo nan, har an yi ka-ce-na-ce a ƙofar masallaci. Sha ɗayan ba su ci rabin gonar ba.

Gwaggo ta shigo ɗazu gaida Inna. Ba ta yi ƙorafi ba, da ma ta yi. Da na raka ta ƙofa ta ce, "Nazira, kada ki takura kanki. Yayana ne, in yana son gayyar bana duka a bar masa." Sai ta yi dariya. Na bi ta muka biya ta gonar. Geron ya yi ɗorawa-ɗorawa, siriri, ciyawa ta kai masa wuya. Ta ce in aka yi ruwa biyu nan gaba ba a nome ba, sai dai a saki awaki. Abin da za ta ci shekara ke nan. Na ɗauki hoto.

Litinin, 21 ga Yuli, hantsi

Dabara ta faɗo mini ina shara, har na jefar da tsintsiya. Huɗu na nufin kallo, to ai kallo ma izini ne. Ban iya gogewa ba, amma zan iya karantawa, zan iya kwafa. Na ruga ɗorawa. Na fara sauke muryar Baba a laftof, na saka a waya, na saka a filashi, wuri uku. Sannan na shiga buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya ko Yaya ya manta kalmar sirrin rut a wani lungu.

Babu kalmar sirri. Allura ce ta tono garma.

Akwai fayil da yake rubuta duk kiran da aka yi, da lamba, da tsawon sauraro. Lambobin talatin da biyar ne, ba talatin da huɗu ba. Ta ƙarshen na san ta kamar sunana, ta Yaya ce, an ƙara ta ranar 26 ga Yuni, ranar sadakar uku. Kuma ita ba Juma'a kawai ake kiranta ba. Kullum ne, ƙarfe goma da kwata na safe. Daƙiƙa talatin da takwas, har ƙarshe, ba a taɓa katsewa ba.

Goma da kwata. Na san abin da ya faru goma da kwata ranar Talatar nan, ni na riƙe wa Baba wayar.

Na rufe laftof. Akuyar nan ta zo, ban kore ta ba.

Talata, 22 ga Yuli, asuba ta wuce

An kwana ana ruwa. Saura ɗaya a lissafin Gwaggo. Gobe zan shiga mota.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan la'asar, a mota

Rubutun zai karkace, hanyar ce. Babur zuwa Ɗambatta, bas zuwa Kano, na sauka Dawanau sha ɗaya saura. Ofishinsu yana bayan wani sito, ko'ina ƙamshin riɗi. Na same shi shi kaɗai gaban kwamfuta. Ya rame, rigar kamar ta aro.

Duk hanya ina shirya faɗan da zan yi masa, har da karin magana biyu. Da na gan shi sai na gaishe shi kawai.

Ya ce, "Auta. Wa ya rako ki?"

Na ce, "Izini ya rako ni, Yaya. An ce ba ni da shi."

Bai yi dariya ba. Na ajiye masa wayata da hoton gonar Gwaggo. Ya daɗe yana kallo. Na gaya masa yadda tsofaffi suke karce ƙasa a gonarmu, da maganar Baba Basiru, da faɗan ƙofar masallaci. Ya dafe kai. Ya ce shi ya ɗauka ji kawai za su yi su yi masa addu'a, bai taɓa kawowa za su ɗauki fartanya ba.

Na ce, "Shekara nawa ka yi a garin nan ba ka san mutanenka ba?"

Na ce kuma na ga fayil ɗin kira. Sai ya juya wajen taga.

Ya ce, "Sau uku ya kira ni, Nazira. Ina gani. Muna tare da mai gidana da baƙi, na ce in na fito. Da na fito ke ce kika kira."

Na sani. Wata guda ina jin haushinsa a kan wannan, ban gaya wa kowa ba, ko littafin nan. Na ce masa na kwafi muryar, zan tura masa ya ji duk lokacin da ya so. Ya ce ai yana da ita. Ya nuna mini wayarsa, lambar na'urar ya ajiye ta da sunan Baba. Ya ce so yake ta yi ƙara ya ɗauka.

Na yi kuka, shi ma. Wani ya leƙo da buhu a kafaɗa ya koma.

Da muka natsu na ce, "Yaya, Gwaggo ba ta da wata gonar." Ya jawo kwamfutar, ya buɗe wani baƙin allo, ya buga kalmar sirrin rut, sannan ya turo ta gabana. Ya ce, "Ke ki yi. Ni hannuna ba zai iya ba. Zan faɗa miki."

Allah ya yafe mini, a cikin wannan halin ma sai da na ji daɗi. Ya faɗi umarni, na rubuta, na danna, nan take foldar ta tashi daga hannun rut ta koma ta shafin. Umarni na biyu, 555 ta zama 755, 444 ta zama 644. Layi biyu kacal, abin da ya hana ni sukuni mako biyu. Na buɗe agogon sabar na tarar da layi biyu, na Juma'a da na kullum. Na goge na Juma'a. Na tsaya a kan ɗayan na kalle shi. Ya ce in an cire fulogin ɗin ai ba abin da zai tayar, in goge kawai. Na goge. Na koma shafi na danna wurin gogewar da ya kunyata ni sau shida, ya juya sau ɗaya, sai ga koren rubutu.

Ya raka ni tasha, ya saya mini rake da burodin Inna. Na ce ya zo gida. Ya ce zai duba.

 Ni da hannuna na yi aiki da rut. Ina ma malaminmu na makaranta da ya ba ni maki arba'in yana kusa.

Juma'a, 25 ga Yuli, biyar saura kwata

Huɗu da rabi ta wuce. Shiru ko'ina. Na yi nasara.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan la'asar

Talatin da biyu a gonar Gwaggo. Malam Isyaku ne ya bi gida-gida da baki kamar zamanin da, ya ce sai an samu wata dabarar. Na ce ya ba ni wata guda in koyi rubuta nawa fulogin ɗin, mai neman sabon ɗauka duk mako, in babu ya yi shiru. Ya ce, "Ban da minti biyar dai." Dattijo da tsokana.

Kafin azahar an gama. Baba Basiru ya fi kowa barkwanci, wai ya manta yadda ciyawar gaske take. Gefen da ruwa yake kwanciya ya riga ya tafi, amma masana sun ce kashi uku cikin huɗu zai tashi in an ɗan watsa taki. Gwaggo tana rabon fura tana shi mini albarka har na rasa inda zan sa kaina. Yaya bai zo ba, ya dai turo saƙo yana tambayar mutum nawa suka je.

Akwai abin da ban rubuta jiya ba.

Da lokacin ya wuce na shiga ɗakin Inna da saurina in yi mata albishir. Na same ta a kan dadduma ta yi wanka ta canza mayafi, wayarta a cinya. Ashe tun safe ta aika an cajo mata ita. Ta ɗago ta ce, "An gyara ke nan?"

Na ce, "An gyara, Inna."

Ta ce, "Madalla. Allah ya yi miki albarka. Hure za ta samu abinci."

Sai a lokacin na tuna fayil ɗin kiran nan. Lambar Yaya kawai na tsaya dubawa, ban duba tata ba in ga ko tana saurare har ƙarshe, kuma yanzu na goge shi. Na durƙusa na ciro wayata, na ce ina da muryar, in kunna mata yanzu, in saka mata a tata ma ta riƙa ji kullum.

Ta dafa hannuna ta mayar da wayar. Ta ce, "Bar shi, Auta. Wannan ke za ki kunna. Wancan shi yake kira."

Ba ta ajiye wayar ba sai da aka kira magariba.